Zuba sabbin mariƙan roba ga tsofaffin kayan aiki: kundin shago, Sabon Garin Zariya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Kayan da suka taru a kan benci sun kasu gida huɗu. Magogin katako na hannu guda shida, huɗu Stanley lamba 4, biyu lamba 5, duk ƙirar Ingila, kowanne mariƙinsa na baya ya karye a wuya. Injin huda na tsaye mai hannu uku, ƙwallayen bakin hannu biyu sun farfashe, ɗaya ta tsira. Tsohon injin huda na hannu ƙirar Wolf mai gangar jikin ƙarfe, murfin kabon ɗinsa ɗaya (ɗan murfin da ke danne gawayin da ke kai wuta cikin injin) ya tsage. Sai cizal bakwai na Marples, masu ƙotar nan ja da ruwan zuma da ake hango ƙarfe ta cikinta.

Irin waɗannan kaya ba baƙi ba ne a Zariya. Tun zamanin da kantunan PZ da John Holt da UAC ke sauke kaya ta jirgin ƙasa suke shigowa, makarantun koyon sana'a kuma suka ƙaro nasu. Ƙarfensu har yau garau yake. Robar ce ke mutuwa, kuma abin takaici ne a ga magogin da zai ƙara shekara hamsin yana aiki an jefa shi cikin buhun 'yan gwangwan saboda mariƙi kawai.

Kafin maganar zubi sai an san irin robar, domin kalmar roba a bakinmu ta haɗe abubuwan da ko dangi ba su zama ba. An goga ƙwallon injin huda a jikin tsumma har ta ɗauki ɗumi, ta ba da warin maganin wanke asibiti, asiton kuma, wato ruwan goge fentin farce, bai taɓa ta ba. Bekalait ce ke nan, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907. Ba ta narkewa, shi ya sa masu liƙin bokiti da ƙarfe mai zafi ba su iya komai a kanta. Murfin kabon ma ita ce. Mariƙin magogi kuwa, ɗigon asiton ɗaya a cikinsa ya sa wurin ya yi danƙo, wato daga dangin masu narkewa yake. Ƙotocin cizal suna tashin tsami, biyu har sun fitar da farin gari a jiki: asitet ɗin seluloz ne ya fara ruɓewa, kuma tsamin da yake fitarwa yana sa ƙarfen da ke kusa tsatsa. An ware su a kwali daban. Ba mu gwaji da allura mai zafi, don idan aka ci karo da tsohuwar seluloyid nan take za ta kama da wuta.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau gyaran samfur, wato tsohon mariƙin da za a kwafi siffarsa da silikon, robar ruwa mai daskarewa, a samu mazubi. Silikon ba ya ɓoye aibi, ko zanen yatsa aka bari sai ya kwafe shi, don haka duk wahalar da aka ƙi sha a kan samfur za a sha ta sau goma a kan zubi.

Mariƙin lamba 4 da na lamba 5 ba ɗaya ba ne. Na lamba 4 sanda ɗaya ce ke riƙe shi, na lamba 5 ƙafarsa ta fi tsawo kuma tana da ƙaramin sukuru a gaba. Mazubi biyu za a yi. An zaɓi mafi ƙarancin rauni daga kowane iri, an haɗa karayar da sufa gulu, an cike giɓi da filar masu gyaran jikin mota, an bi da sanfefa lamba 220, 400, sannan 800 da ruwa, aka fesa siririn fenti mai sheƙi sau biyu. Mariƙan asali akwai kogo a cikinsu. An toshe shi, domin namu cikakku za su fito.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ramin sanda. A karkace yake bi, daga ƙafa har ƙoli, tsawon fiye da santimita goma. Duk wanda ya ce zai zuba mariƙi tukuna sannan ya huda wannan rami da hannu, bakin huda zai kauce masa ya ɓullo ta gefe. Saboda haka an ba mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da sandar ciki: kauri milimita 6.5, a samanta kuma ƙarin kauri na milimita 11.5 inda notin tagulla zai zauna. An zura ta cikin samfur, ta leƙo milimita 15 ta kowane gefe, don mazubi ya samu gurbin da zai riƙe ta daidai wannan karkata a kowane zubi.

An nutsa samfuran cikin kofin awo mai ruwa: lamba 4 ya ɗaga mililita 78, lamba 5 ya ɗaga 86. Ƙwallon bekalait an goge ta a jiƙe, da takunkumi a fuska, saboda wasu tsofaffin bekalait ana cakuɗa su da asbesto.

25 zuwa 28 ga Janairu

Silikon ɗin daga Legas aka yi odarsa, mai ruwa biyu, irin wanda ake ɗiga wa ɗan maganin daskarewa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Taurinsa 25 a ma'aunin Shore A, ya isa ya riƙe siffa kuma ya saki lanƙwasar wuya ba tare da yagewa ba.

Akwatin filawud na lamba 4: milimita 150 da 130, zurfi 50, wato tazarar aƙalla milimita 12 ta kowane gefe. Da an bar shi haka zai ci kusan kilo guda. An cusa guntayen katako a kusurwoyin da babu komai, aka auna ragowar da shinkafa, ya koma mililita 620, kimanin giram 680, kowane rabi giram 340 da magani giram 6.8. Sikelin masu sayar da gwal ake amfani da shi, na kicin ba ya ganin ƙasa da giram ɗaya.

An binne rabin samfur cikin yumɓun roba na 'yan makaranta, an gyara bakin layin da wuƙa ya tsaya daidai tsakiya, an danna ƙwayar boris wuri shida don rabin biyu su riƙa kamuwa. Wani yumɓun yana da farar wuta a ciki. Da irin silikon ɗinmu ba ya komai, amma mai amfani da irin na filatinam ya kiyaye, zai tarar da fuskar mazubi ba ta bushe ba har abada. Ƙofar zubi ta ƙafar mariƙi aka sa ta, tunda dama za a goge wurin ya kwanta, mazubi zai tsaya ƙafa sama, ƙoli ƙasa. A yatsan ƙafar an kwantar da tsinken tsintsiya don hanyar fitar iska.

An fara shafa silikon da burushi a jikin samfur, sannan aka tsiyaya sauran daga tsayin kamu biyu, siriri kamar zare, a kusurwa ɗaya, yana malala da kansa. Takardar jikin gwangwani ta ce awa shida zuwa takwas. Ya ɗauki awa ashirin. Sanyin asuba ya sauka digiri 14, danshin iska kuma kashi 17 cikin 100, alhali wannan irin silikon yana buƙatar ɗan danshi kafin ya kama. A rabi na biyu an kifa kwali a kai, aka sa jiƙaƙƙen tsumma a gefe cikin kwalin, ya kama cikin awa tara. Kwalin ya kuma tare ƙurar hunturu, wadda a rabin farko ta zauna a bayan mazubi kamar an barbaɗa gari.

Kuskure ɗaya: basilin da aka shafa tsakanin rabin biyu bai kai wani gefe ba, tsawon yatsa guda. Silikon ba ya manne wa komai sai ɗan'uwansa. Wurin ya haɗe, sai da reza aka raba. Za a bar mazuban su sha iska kwana uku, don suna fitar da ɗan tururin sinadari bayan sun kama.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwajin farko da ruwan faiba, wato rezin ɗin foliyesta, ruwan da ke daskarewa ya zama roba mai tauri, don shi ne mafi sauƙin samu wurin masu gyaran bamba, kuma mafi araha. Giram 95, hadana, wato maganin da ke sa shi daskarewa, mililita 1.4 da sirinji. Wannan hadana tana makantar da ido idan ta fantsama, sai da tabarau. Kuma shunin ruwan nan na kobal da wasu ke sayarwa daban don saurin kamu, ba a taɓa haɗa shi da hadana kai tsaye, wuta ce. Cikin rezin ake fara juya shi.

Guda uku aka zuba, babu na kirki. Duk sun fito da danƙo a fuska. Duk sun tsuke: tsayin samfur milimita 112, zubi 110, kuma sun shaƙe sandar ciki har sai da guduma ta fita duk da basilin. Na uku da aka ƙara wa hadana zuwa kashi 3 don gudun danƙo ya yi zafin da ba a iya taɓa mazubi, ya tsage daga ciki, ana ganin tsagar kamar a ƙanƙara. An saki na farko daga kan benci, tsayin santimita 90, bisa siminti. Faɗuwa ɗaya, ya rabu biyu a wuya, daidai inda na asali suke karyewa.

Ruwan faiba ba shi da laifi a wurinsa. An yi shi ne don ya jiƙa zaren gilashi a shimfiɗe, siriri, zaren ne ke ba shi ƙarfi. A dunƙule shi kaɗai kwalba ne. An rufe babinsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwaji na biyu da wani rezin, efoksi mai jinkirin kamu, wanda aka rubuta wa biyu da ɗaya. Zubin farko ya kwana biyu bai yi tauri sosai ba, farce yana shiga, fuskarsa da maiƙo. Dalili: biyu da ɗayan na mudu ne, ba na sikeli ba. Hadanar ta fi rezin rashin nauyi, don haka a sikeli giram 100 da 44 ne. An auna 100 da 50, hadana ta yi yawa.

A nan ne wanda ya saba da ruwan faiba ke faɗawa rami. A can hadana tsokana kawai take yi, ƙara ta ƙara sauri. A efoksi kuwa kowane ɓangare na neman abokin haɗinsa ne ƙwaya da ƙwaya, abin da ya yi rara ba shi da inda zai je, sai ya zauna a ciki ya hana tauri. Ba a ƙara ta don sanyi, ba a rage ta don zafi.

An sake: rezin giram 66, hadana 29. Juyi minti uku ana kankare gefe da gindin kofi, a juye cikin sabon kofi, a ƙara minti ɗaya. Safar hannu dole, don wannan hadana tana sa ƙaiƙayin fata da idan ya kama mutum ba ya sakinsa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi, mariƙi na farko da ya amsa sunansa. Tsayi milimita 111.8, sandar ciki ta zare da murɗawa ɗaya, ya hau magogi ba tare da an taɓa shi da magagari ba. Haɗin da ya tsaya a kai, ga kowane giram 100: zaren gilashi da aka daddatse da almakashi zuwa milimita 3 ko 4, giram 4, jan garin oksaid na masu siminti giram 2, garin tona na injin hoto rabin giram. Launin ya fito ruwan ƙasa mai duhu, sai an kusanto ake bambanta shi da na asali. An gwada zaren giram 8, ya yi kauri kamar tuwo, ya ƙi gangarawa ƙoli, ya bar kogon iska. Faɗuwa goma daga benci, ɓallewa kaɗan a ƙoli kawai.

Ƙwallayen injin huda sun fi sauƙi. Faɗinsu milimita 38, kowace tana cin kimanin giram 30. Mazubinsu a kofin roba aka zuba shi gaba ɗaya, aka tsaga gefe da reza a karkace kamar haƙoran zarto, don tsagar ta riƙa komawa mazauninta. An kuma gwada na talaka: silikon ɗin kwalba na masu tagar alminiyam, a murje shi da sitacin rogo har ya daina kama hannu, a lulluɓe ƙwallon da shi. Cikin awa ɗaya ya kama. Yana aiki ga abu mai sauƙin siffa, zubi uku ko huɗu, amma fuskarsa ba ta kai ta wancan santsi ba.

Matsalar ƙwallo a zaren sukuru take. Hannun injin inci 3/8 ne, zare 16 a inci guda. Notin M10 na kasuwa yana hawa zagaye biyu zuwa uku sannan ya cije, domin tazarar zarensa milimita 1.5 ce, na injin kuma ta kusa 1.6. Wanda ya matsa da sifana ya kashe zaren da ba zai samu irinsa a Sabon Gari ba. Kayan da suka shigo kafin ƙasar nan ta koma ma'aunin mita a shekarun 1970 kusan duk haka suke. An fasa ragowar tsofaffin ƙwallayen aka ciro tagullar cikinsu, aka wanke da asiton, aka toshe ramin zaren da sukuru mai basilin, aka rataye ta tsakiyar mazubi. Guda biyu sun fito baƙi wul da garin tona giram ɗaya cikin ɗari, wanda aka samo a shagunan hoto na Samaru.

Asabar, 8 ga Maris

Mariƙai shida sun cika, an miƙa wa masu su. Aiki zai tsaya sai bayan Sallah.

Asabar, 12 ga Afrilu

Uku daga cikin shidan sun dawo, ba karyewa suka yi ba, girgiɗi suke. Dattijon kafinta mai lamba 5 ya ajiye nasa a benci ya ce, "Ɗana, hannun nan yana da daɗin riƙo, amma kullum la'asar sai na ƙara ɗaure shi." Aka ce, "To Baba, a bar mana shi kwana uku."

Da aka kwance, notin tagulla ya nutse milimita ɗaya da rabi cikin robar, ya bar gurbi mai sheƙi kamar an danna kwabo a kan sabulu. Duk ukun a rumfar da rana ke shiga suke aiki. An ajiye magogi ɗaya a rana daga sha biyu zuwa biyu, ƙarfensa ya kai digiri 58. Efoksin da ya kama a sanyin Fabrairu yana fara laushi tun wajen digiri 50. Ba narkewa yake ba, saki yake a hankali ƙarƙashin matsi, mai shi ya ƙara ɗauri, ya ƙara saki. Gwajin faɗuwa ba zai taɓa nuna wannan ba, kuma da an tsaya a kan sakamakon hunturu da an ce an gama.

Gyara biyu aka yi tare. Na farko gashi: bayan kwana ɗaya a mazubi, a sa mariƙi a ɗumi digiri 40 na awa biyu, sannan 60 na awa shida, ya huce a hankali a ciki. Akwatin gashin tsohuwar adakar ƙarfe ce da ƙwan lantarki biyu masu wat 60, irin na da mai zafi. Ranar da babu wuta, adakar da aka shafa wa baƙin fenti aka rufe da gilashi tana riƙe 60 zuwa 65 daga sha ɗaya zuwa uku a wannan wata. A kwance ake gasa shi bisa yashi mai laushi, in ba haka ba ƙoli ya sunkuya.

Na biyu shi ne ainihin maganin: a daina ɗora wa roba nauyin ɗauri. An yanko bututun mai na mota, na ƙarfe, milimita 8 a waje, kusan 6.5 a ciki. An karce bayansa da magagari, an wanke da asiton, an zura shi a sabuwar sandar ciki mai ɗan sirantaka, aka zuba rezin a kansa ya zama ɗan gida. Samansa yana tokare da wosha ƙarƙashin noti, ƙasansa yana taɓa ƙarfen magogi. Yanzu ɗauri daga noti zuwa bututu zuwa gangar jiki yake bi, ƙarfe kan ƙarfe, roba aikinta cika tafin hannu. Tsawon bututu sai an kula: ya gaza ƙafar mariƙi da kamar rabin milimita kafin a ɗaure, don ƙafar ta fara zama daram. In ya fi ta tsawo, mariƙi zai riƙa juyawa a kansa.

Zafin ya taɓa haɗi ma. Efoksin da ke ba da minti 40 a Fabrairu yanzu da ƙyar yake kai 15, don duk ƙarin digiri goma yana raba lokacin biyu. Kofi ɗaya na giram 190 da aka haɗa don zubi biyu ya yi hayaƙi, ya lanƙwashe kofin. Yanzu bayan sallar asuba ake haɗi, na mariƙi ɗaya ɗaya, kwalaben sun kwana a gindin randa.

Asabar, 3 ga Mayu

Murfin kabon. Ƙaramin abu ne, bai kai giram uku ba, amma shi ne mafi haɗari a cikin kayan nan. Shi ke danne sifirin na kabon, wutar bolt 230 tana bayansa, jikin injin kuma ƙarfe ne a hannun mutum.

Silikon ya kwafi zarensa tsaf. Zubin farko da ragowar haɗin ƙwallo aka yi shi, mai garin tona, kuma an jefar da shi ba a ko gwada ba. Baƙin tona daga gawayin sinadari yake, wani ma da garin ƙarfe, ba abin da za a sa tsakanin wuta da hannu ba ne. Haka garin alminiyam. Na biyu efoksi zalla, an gasa shi. An ɗaura, an huda ƙarfe na minti ashirin, murfin ya yi laushi har zaren ya fara zamewa, saboda tartsatsin kabon yana tara zafi a daidai wurin. Ba banza masu ƙirar suka zaɓi bekalait ba.

Wannan ba aikin zubi ba ne da kayan da ke hannunmu. An samo guntun allon nan ruwan ƙasa mai yadi a ciki, na tsofaffin akwatunan rarraba wuta, wanda ɗan'uwan bekalait ne, an kai wa mai injin sassaƙa ya fitar da murfi biyu da zarensu. An kuma tarar wayar ƙasa ta injin a tsinke cikin filogi. An gyara ta kafin ya bar shago.

Asabar, 14 ga Yuni

Rezin na uku, foliyuritan, ya iso bayan Babbar Sallah. Ɗaya da ɗaya a mudu, ruwa ruwa kamar man gyaɗa, ba kamar efoksi mai kaurin zuma ba, don haka yana shiga kowane lungu da kansa. Takarda ta ce minti bakwai a digiri 23. A 31 bai kai huɗu ba. Komai sai ya zama a shirye kafin a haɗa: mazubi ɗaure da robar tayar keke tsakanin filawud biyu, bututu a mazauninsa, juyi daƙiƙa 40, zubi. Bayan awa ɗaya an cire.

Faɗuwa goma, ko ƙwarzane. Ya fi efoksi jure duka nesa ba kusa ba, kuma ba ya cin mazubi kamarsa. Aibinsa launi: fari yake kamawa, jan oksaid ya mayar da shi kalar kunun kanwa. Sai an ninka garin, ko a fesa fenti daga baya. Ya saki jiki da sanfefa sosai. Bututun ƙarfe yana nan, ba a cire shi daga tsari ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Kwana huɗu ana ruwa, danshin shago kashi 86. An zuba mariƙi biyu da haɗin da bai ba da matsala ba a Yuni. Minti biyar sai ga rezin yana kumburowa ta ƙofar zubi kamar ƙullin fanke. Da aka yanka ɗaya da zarto, cikinsa huji huji kamar burodi, babban yatsa yana lotsa shi.

Ɓangaren farko na foliyuritan, mai aisosayanet, ba ya ga maciji da ruwa. Ko tururi ya samu sai ya haɗu da shi ya fitar da iskar kabon dayoksaid, ita ce kumfar. An bi sawun inda ruwan ya shigo, aka same shi ta ƙofa biyar: sandar juyi ta katako, kofin takarda, garin oksaid da ya kwana a buɗe, fuskar mazubi, da kwalbar kanta, wadda bakinta ya riga ya yi ɓawo saboda yawan buɗewa. A hunturu babu ɗaya daga cikinsu da zai dame mu.

Tsarin damina ke nan: juyi da cokalin ƙarfe, kofin roba, garin launi a soya shi a busasshen kasko ya huce a rufe, mazubi da bututu su yi awa ɗaya a adaka a digiri 45 sannan su huce a ciki. An rarraba ragowar rezin cikin ƙananan kwalabe cike har wuya, an ajiye su a bokiti mai murfi tare da ƙullin ƙwayoyin shan danshi irin na kwalin takalmi. Tsohuwar kwalbar an haƙura da ita. Ƙofa da taga a buɗe lokacin haɗi duk da danshin, domin tururin aisosayanet yana taɓa huhu, sai dai a yi sauri.

An aro tukunyar matsi ta masu fentin mota don ganin ko za ta taimaka, aka sa zubi a matsin iska na bar 3.5. Ƙananan ƙwayoyin iska sun ɓace, amma mariƙin ya fito da ƙuraje a jiki. Mazubinmu ba a ƙarƙashin matsi ya kama ba, akwai ƙwayoyin iska ɓoye dab da fuskarsa, matsi ya tura rezin cikinsu. Mai son tukunya sai ya zuba silikon ɗinsa ma a cikinta tun farko. Kuma kada wanda ya ce zai haɗa tasa da tukunyar girki ko tsohuwar silindar gas da walda.

Asabar, 23 ga Agusta

Zubi huɗu a tsarin damina, uku sun fito lafiya, ɗaya da 'yar kumfa a ƙafa inda za a goge.

Cizal ba za a zuba musu ba. An gwada ƙota ɗaya da foliyuritan, ta sha gudumar katako yini guda wajen fafe ramin ƙofa, ba ta fashe ba amma wutsiyar ƙarfen ta fara motsi a ciki. An ba su ƙotar marke da zoben da aka yanko daga bututun ruwa na inci 3/4, yadda maƙera ke yi wa kayansu.

Mariƙan Afrilu masu bututu sun wuce sauran bazara har zuwa tsakiyar damina, babu wanda ya dawo. Mazubin lamba 4 ya kai zubi 19, sha huɗu daga ciki na efoksi, fuskarsa ta yi fari ta bushe, gefen ƙoli ya fara yagewa. Na lamba 5 yana kan 8, da sauransa. Za a sake na lamba 4 a ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauka, a cikin tukunyar matsi, kuma daga samfurin asali da ke naɗe a tsumma cikin durowa, ba daga zubi ba, don kowane kwafi yana rage wani abu a awo. An karɓi sabbin kaya biyu da ke jiran layi: mariƙin gaba na magogin Record, da dunƙulen saita tebur na wani zarton inji, wanda zarensa ba a auna ba tukuna.